Ladan Ma'aikaci Bashi Ne, Kuma Alkawari Kaya Ne

A ranar 29 ga watan Yulin 2024 ne Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya rattaba hannu a kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya Naira 70,000 a wata, bayan an shafe wata shida ana kai-komo tsakanin jami'an gwamnati da shugabannin ƙwadago da wakilan masu kamfanoni da masana'antu. Dokar ta kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku, ke nan a shekarar 2027 ake sa ran ɓangarorin uku za su sake zama. Kafin wannan lokaci ya zo, ya dace al'ummar Musulmi ta auna zaman da ya gabata da ma'aunin addininta, domin maganar albashi magana ce ta haƙƙin bayin Allah, wanda yawan nafila ba ya sauke shi daga wuyan mutum, sai dai a biya mai shi ko shi da kansa ya yafe. Abin da muke gani shi ne, zaman shawara tsakanin hukuma da ma'aikata da masu dukiya abu ne da shari'a ta san da shi kuma ta yaba. Amma iyakar abin da zaman yake yi shi ne yanke adadi. Biyan ladan kuwa bashi ne a kan duk wanda ya sa wani aiki, tun daga gwamna har zuwa maigidan da ya ajiye mai gadi a ƙofarsa.

Ga yadda al'amarin ya gudana. A ranar 30 ga watan Janairun 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da kwamiti mai mutum 37 a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Bukar Goni Aji, tsohon shugaban ma'aikatan gwamnatin tarayya. A cikin kwamitin akwai ministoci da gwamnoni, akwai wakilan ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC waɗanda Joe Ajaero da Festus Osifo ke shugabanta, akwai kuma wakilan masu ɗaukar ma'aikata, irin su NECA da ƙungiyar masu masana'antu ta MAN. 'Yan ƙwadago sun buɗe ciniki da Naira 615,000, gwamnatin tarayya ta taya 48,000, kamfanoni masu zaman kansu suka taya 54,000. Da tazarar ta ƙi rufuwa, sai ma'aikata suka shiga yajin aiki a ranar 3 ga watan Yuni, aka kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa, aka tsayar da zirga-zirgar jiragen sama a Legas da Abuja, sannan aka janye yajin washegari aka koma kan tebur. Daga nan gwamnati da masu kamfanoni suka tsaya a kan 62,000, ƙwadago suka sauko zuwa 250,000, gwamnoni kuma ta bakin ƙungiyarsu suka ce ko 60,000 ma ta fi ƙarfin jihohi da yawa. Sai a ranar 18 ga watan Yuli aka daidaita a fadar shugaban ƙasa a kan 70,000.

Mai karatu na iya tambaya: shin ya halatta hukuma ta ƙayyade wa mutane abin da za su biya ma'aikatansu, alhali ya tabbata a hadisin Anas ɗan Malik, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa da kaya suka yi tsada a Madina aka nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke farashi, sai ya ƙi, yana mai gudun ya haɗu da Ubangijinsa da haƙƙin wani a kansa? Malamai sun daɗe da tattauna wannan. Wasu sun tsaya a kan zahirin hadisin sun hana, wasu kuma, daga cikinsu akwai manyan malaman mazhabar Malikiyya, sun fahimci cewa hanin ya shafi lokacin da kasuwa ke tafiya bisa ɗabi'arta babu mai cutar wani, amma idan cuta ta bayyana to wajibin shugaba ne ya kawar da ita. Abin lura shi ne hanyar da suka shimfiɗa. Imam Al-Baji, a cikin Al-Muntaƙa, sharhinsa na Muwaɗɗa, ya kawo bayanin Ibnu Habib, malamin Andalus da ya rasu a shekara ta 238 bayan Hijira, cewa shugaban da zai yanke farashi ya tara manyan 'yan kasuwar da abin ya shafa, ya kuma kira wasu mutane daban domin a tantance gaskiyar abin da za su faɗa, ya bincika yadda suke saye da yadda suke sayarwa, sannan a yi ta ja da sassauci har a kai ga abin da zai gyara su ya kuma gyara jama'a, su kuma yarda da shi. Wanda ya duba wannan tsari ya kuma dubi kwamitin Goni Aji zai ga kamannin a fili: hukuma a tsakiya, masu dukiya a gefe, masu buƙata a ɗaya gefen, bincike kafin hukunci, yarda kafin zartarwa.

Ibnu Taimiyya, a cikin littafinsa na Hisba, ya faɗaɗa maganar har ta kai ga ladan aiki. Ya bayyana cewa idan jama'a suka buƙaci aikin manoma ko masaƙa ko magina, shugaba na da ikon sa su yi aikin a kan ladan da ya dace da irinsa, kada ya bar su su tsawwala wa mutane, kada kuma ya bar mutane su tauye musu haƙƙi. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, a cikin ayyukan da ke wuyan shugaba. Saboda haka jami'in gwamnatin da ya zauna da 'yan ƙwadago da masu masana'antu aikinsa yake yi, kuma babu gorin da zai yi wa kowa a kan haka.

To amma me Naira 70,000 ke saya? A shekarar 1981, lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar farko ta mafi ƙarancin albashi bayan yajin aikin da NLC ta yi a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, adadin Naira 125 ne, wanda a canjin wancan zamani ya kai kimanin dalar Amurka 200. A 2011 aka mayar da shi 18,000, a 2019 aka kai shi 30,000. Adadin na ta hawa, amma abin da yake sayowa a kasuwa na ta raguwa, har ta kai 70,000 ɗin da aka amince da ita a 2024 ba ta kai dala 50 ba a ranar da aka sa hannu. A watan Yunin wannan shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, ta kayan abinci kuwa ta haura kashi 40. Kafin shekarar ta ƙare, buhun shinkafa mai kilo 50 ya kai ko ya zarce albashin wata guda a kasuwanni da dama. Magidancin da ke da mata da 'ya'ya huɗu, ga kuɗin haya, ga na mota, ga na makaranta, ga magani, shi ya san inda ɗakinsa ke yoyo.

Akwai darasi na musamman a abin da ya biyo bayan sa hannun. Litar man fetur, wadda ba ta kai Naira 200 ba kafin a cire tallafi a ranar 29 ga watan Mayun 2023, ta sake tashi a farkon Satumbar 2024, a watan Oktoba kuma ta haura Naira 1,000 a Abuja. Shugabannin ƙwadago suka fito suka ce an ci amanarsu, domin a cewarsu sun karɓi 70,000 ne bisa fahimtar cewa ba za a ƙara kuɗin mai ba. Fadar shugaban ƙasa ta musanta cewa an yi wannan alkawari. Mu da ba mu cikin ɗakin ba za mu yanke wa kowa hukunci ba, amma mun san cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka ne a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu, babba ne ko ƙarami, domin a kauce wa irin wannan jayayya. Idan an umarci mutum biyu su rubuta abin da ke tsakaninsu, yaya kuma sharaɗin da ya shafi abincin miliyoyin gidaje? Duk sharaɗin da aka gina yarjejeniya a kansa a rubuta shi, a sa hannu, a karanta wa jama'a.

Nauyi mafi girma yana kan gwamnati, domin ita ce alƙali kuma ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata. Wasu jihohi sun yi abin a yaba, Legas ta sanar da 85,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000. Wasu kuwa sai da NLC ta umarci rassanta su shiga yajin aiki daga farkon Disambar 2024 kafin suka motsa, kuma akwai jihohin da har wa'adin dokar 2019 ya cika ba su gama aiwatar da 30,000 ba, musamman ga malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi. A babban birnin tarayya kansa, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan albashi, yaran talakawa na zaune a gida. Ɗalibanmu na jami'a ba sa buƙatar a tuna musu da yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnatin tarayya da ƙungiyar ASUU, wadda taƙaddama a kanta ta jawo yajin aikin wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022. Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura ta fara. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa jinkirin mawadaci wurin biyan abin da ake bin sa zalunci ne. Gwamnan da ya samu kuɗin sayen jerin motoci da na tafiye-tafiye, alhali kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru tun bayan cire tallafin mai, ba shi da uzurin da zai gabatar wa malamin makarantar da ke bin sa bashin wata uku, ko tsohon da ya yi shekara 35 yana aiki ya mutu yana jiran giratuti.

Masu masana'antu su ma suna da kukan da ya kamata a saurara. A watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar lantarki fiye da sau uku ga masu rukunin farko, wato Band A, zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. Kuɗin ruwan da Babban Banki ya ƙayyade ya kai kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen wannan shekarar, abin da ke ƙara nuna yadda riba ke shaƙe mai son kafa sana'a. Faɗuwar darajar Naira ta ninka kuɗin injuna da kayan da ake shigowa da su. Albashin da aka yanke ba tare da duba waɗannan ba yana iya zama sanadin rufe masana'anta, kuma mutanen Kakuri a Kaduna, da na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, sun ga abin da rufe masana'anta ke yi wa unguwa. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, kuma tsofaffin ma'aikatanta sun yi shekaru suna neman haƙƙoƙinsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Wannan ya sa muke cewa wajibi ne gwamnati ta sauƙaƙa wa masana'antu wuta da haraji da hanyoyin samun jari marasa riba. Amma tsadar wuta ba ta halatta wa mai kamfani ya riƙe ma'aikaci shekara da shekaru a matsayin na wucin gadi domin ya kauce wa biyan haƙƙinsa, ko ya cire kuɗin fansho daga albashi ya ƙi zubawa a asusun mai shi. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Maɗaukaki Ya ambaci mutum uku da Shi da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Wanda Allah ne mai ƙararsa, wane lauya zai tsaya masa?

Su ma ƙungiyoyin ƙwadago akwai abin da ke kansu. Shari'a ta ba mai haƙƙi damar ya yi magana, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai taɓa mutumin da ya zo yana tsananta masa a kan bashin raƙumi. Ma'aikacin da aka saɓa wa yarjejeniya yana da hujjar neman haƙƙinsa ta hanyar da doka ta tanada. Sai dai ƙa'idar da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wadda ta hana cuta da ramuwa da cuta, tana nan a kan kowa. Idan aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, jaririn da ke cikin kwalba a asibiti da mai ƙanƙara da mai walda su ne ke fara ji a jikinsu, waɗanda ake fushi da su kuwa suna da janareto. Ya kamata a ware ayyukan ceton rai daga kowane yajin aiki. Haka kuma shugaban ƙungiya wakili ne, wakilci kuwa amana ce, bai halatta ya sayar da ita da kujera ko kwangila ba. Shi ma ma'aikaci ya sani cewa albashi ladan lokaci ne da aiki. Wanda ke zuwa ofis ƙarfe goma sha ɗaya ya tashi da azahar, ko ya riƙe takardar mutum sai an ba shi na goro, ya shiga sahun masu tauye mudu da Suratul Muɗaffifina ta yi wa narko, waɗanda ke karɓa cikakke su bayar a tauye.

Akwai kuma waɗanda ko kujera ba su samu ba a wannan tebur, kuma su ne mafi yawa. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin ɗan lokaci da masu aikin kamasho da leburorin gona na damina ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da ba na hukuma ba ne. A nan ne maganar ta shigo cikin gidajenmu. 'Yar aikin da ke wanke-wanke da shara, da mai gadi, da direba, da yaron shago, da leburan gini, da almajirin da ke ɗebo ruwa, da malamar Islamiyya da ke koya wa 'ya'yanmu Alƙur'ani a kan abin da bai isa kuɗin motarta ba, duk ba su da ƙungiya, ba su da kwamiti, ba su da yajin aiki. Sau da yawa ma'aikacin da ya fita zanga-zangar neman ƙarin albashi shi ne zai dawo gida ya ce wa 'yar aikinsa ta yi haƙuri sai wani watan. Dokar ƙasa ta ƙyale shi, amma hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito, mai umarni da a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba, bai ware kowa ba.

Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid sun san cewa ijara na inganta ne idan an yanke wa'adi an kuma ambaci lada. Al'adar nan ta cewa «yi aikin kawai, ba za mu ɓata ba» ita ce mafarin yawancin rigingimun da ke kai mutane gaban mai unguwa. A Suratul Ƙasas, da dattijon Madyana zai ɗauki Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aikin kiwo, sai da aka faɗi wa'adi, shekara takwas, cikon goma kuwa ganin damar ma'aikaci ne, mai ɗaukar aikin ya yi alkawarin ba zai tsananta ba, ma'aikacin kuma an san shi da ƙarfi da amana. A hadisin Abu Zarri an umarci mai gida ya ciyar da na ƙarƙashinsa daga abin da yake ci, ya tufatar da shi daga abin da yake sawa, kada ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa ya ɗora to ya taya shi. A hadisin mutum uku da dutse ya rufe wa bakin kogo, ɗaya daga cikinsu ya samu tsira ne da ladan wani ɗan ƙwadago da ya tafi ya bari, shi kuma ya juya masa shi har ya zama garke, da mai shi ya dawo ya miƙa masa duka. Wannan shi ne mizanin gidan Musulmi, kuma babu buƙatar majalisa ta zauna kafin a fara aiki da shi a yau.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin zaman 2027, muna kira ga gwamnatin tarayya da ta kafa kwamitin da wuri, ta kuma fitar da alƙaluman tsadar rayuwa da na kuɗin shigar jihohi a fili domin kowa ya yi ciniki da ilimi. Jihohin da ake bin su bashin albashi da fansho su biya kafin su zo teburin, domin wanda bai cika alkawarin jiya ba da wuya a gaskata na gobensa. A samar da kujera ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da masu ƙananan masana'antu, kamar yadda Ibnu Habib ya nemi a kira wasu daga waje domin a tantance gaskiya. Limamai su riƙa sanya haƙƙin ma'aikaci a cikin huɗubobinsu kamar yadda suke sanya zakka da azumi. Kwamitocin masallatai da masu makarantun Islamiyya su sake duba abin da suke biyan limamai da ladanai da malamai, iyaye kuma su daina jinkirta kuɗin makaranta alhali suna da hali. Kowane magidanci ya zauna da wanda ke yi masa aiki, su yanke lada da ranar biya da lokacin hutu, su rubuta, ya kuma ƙara masa gwargwadon yadda kasuwa ta tashi.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci da cika alkawari, Ya sanya albarka a gumin ma'aikatanmu da dukiyar masu masana'antunmu, Ya sa kada mu tashi ranar hisabi da haƙƙin wani a wuyanmu. Amin.